Ranar da Furannin Kicin Suka Zubo

Mijin yayata, duk layinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Ƙaramin-Aiki ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Famfo ya lalace, ƙaramin aiki ne. Mota ta ƙi tashi, ƙaramin aiki ne. Ranar da ya gyara mana fanka ta koma juyawa da baya tana zuƙe iskar ɗakin, cewa ya yi ai haka ake yayi yanzu, zafin take janyewa. Shekara talatin ya yi a ofis yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma ko rantsuwa na yi ba zan yi kaffara ba, bai taɓa buɗe ɗaya ya karanta ba. Shi in ka ba shi takarda, kaurinta yake dubawa da nauyinta. Da ya yi ritaya sai duk ƙarfin nan ya dawo gida, ya rasa inda zai sauke shi sai a kanmu.

Ni ce autar su Yaya, a gidanta nake zaune ina taya ta aiki. Burodi da kek take gasawa a kicin ɗinta, shekara goma sha takwas ke nan, maƙwabta na saye ta taga. Bana Allah ya buɗa mata hanya. Wata makaranta ta ce za ta riƙa karɓar burodinta kullum, daga Litinin ta sama, amma sai ta kawo takardar shaida daga duba-gari. In babu takarda, babban gidan burodin bakin titi za a ba. Yaya ba mai yawan magana ba ce, amma ranar da ta dawo da wannan labari na ji ta tana 'yar waƙa wajen wanke-wanke, abin da rabona da ji tun ina yarinya.

Duba-garin ta zo, wata mata siririya mai tabarau, ba ta fara'a kuma ba ta faɗa. Ta leƙa ƙarƙashin obin, ta buɗe kabad, ta shafa kanta da yatsa. Komai tsaf. Bangon kaɗai ta tsaya tana kallo, don hayaƙi da maiƙon shekaru sun mayar da shi kalar shayi. Ta ce a wanke shi a yi masa fenti. Ta miƙa wa Yaya wani babban kati da aka lulluɓe da leda mai kauri, ta ce duk ƙa'idojin suna ciki, za ta dawo ranar Alhamis da ƙarfe goma, kuma tana so ta tarar da obin yana aiki.

Kafin Yaya ta kai ga duba katin, Ƙaramin-Aiki ya karɓe.

"Kawo nan, Maman yara. Takarda ai fagena ne."

Ya tanƙwara katin, ya sake shi ya miƙe, ya ƙwanƙwasa shi da farce kusa da kunne. "Kai, wannan kati ne na gaske. Yanzu ba a yin irinsa." Ya sa shi a hammata ya shige ɗaki.

Yaya ta tsallaka titi ta yi magana da Baba Mai Fenti, wani tsoho da ke zaune a gidan da ke kallon namu, suka tsayar da Litinin. Sai ga waya, an sa ranar yi wa innarmu aikin ido a wani gari, kuma Yaya ce za ta zauna da ita. Ranar Lahadi ta ɗauki jaka, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Auta, ga kicin nan amana. Baba Mai Fenti zai zo gobe. Kada ki bar kowa ya taɓa min komai." Da ta zo kan kalmar "kowa", ba ni take kallo ba.

Litinin da safe Baba Mai Fenti ya iso da bokiti da soso da garin sabulu. Ƙaramin-Aiki ya tare shi a ƙofar gida, ya sha wata tsohuwar riga, ya ɗaura ɗankwalin Yaya a ka.

"Baba, ina zuwa da soso kamar mai wankin mota?"

"Bango zan wanke. Fenti ba ya kama maiƙo."

"Wanki? Ai fenti shi ne wankin bango. Koma ka huta, Baba, ƙaramin aiki ne."

"Matarka ce ta sa ni."

"Ni kuma mijinta na sauke ka. Ku fa kun tsaya a zamanin shafa-shafa. Duniya ta yi gaba. Zo ka ga."

Ya zaro waya ya nuna mana bidiyo. Wata mata ce ta ɗora faifai mai hudar zanen fure a jikin bango, ta shafe shi da farar filasta, ta ɗage faifan, sai ga fure ya fito a bango da tudunsa kamar a tsinka. Ta yi wani, ta yi wani, ta bi su da fenti ruwan gwal.

"Sitansil ke nan," in ji shi, yana taunar kalmar kamar nama. "Minti uku ta gama ɗaki guda. Duba-garin nan in ta shigo ta ga wannan, takarda biyu za ta bayar."

Na ce, "Yallaɓai, bidiyon ne minti uku."

"Auta, ke fasa ƙwai kika iya. Bar wa manya gini."

Baba Mai Fenti bai ja da shi ba. Ya ɗauki bokitinsa, ya koma bencin ƙofar gidansa, ya gyara zama daidai saitin tagar kicin ɗinmu, ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

A nan ya kamata in kira Yaya, na sani. Na gaya wa kaina bai dace in tayar mata da hankali tana asibiti da inna ba. Amma gaskiyar magana, kallo nake so in yi. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ya tafi kasuwa ya dawo da fentin mai, ruwan hanta, da ƙaramin gwangwanin ruwan gwal, da buhun farin garin filasta irin wanda ake yin silin da shi. Ya tsoma rola ya kai wa bango. Fentin ya ƙi zama, ya riƙa zamewa kan maiƙo yana gangarowa layi-layi. Ya ce bangon ƙishirwa yake ji, ya ƙara masa wani a kan ɗanyen. Ya shafe makunnin fitila, ya shafe ƙusar kalanda, har da wata tsaka da ba ta yi saurin gudu ba.

Muna cikin haka sai ga kan Rediyo a taga. Maƙwabciyarmu ce ta jikin katanga, kuma sunan ya bi jiki, don abin da ta gani da hantsi, kafin azahar ya kai bakin kasuwa.

"Ikon Allah! Auta, Yaya ta daina burodi ta koma sayar da nama ne?"

"Wannan kalar manyan otal ce," in ji Ƙaramin-Aiki daga kan tsani.

"To wallahi ni mahauta na gani. Saura ƙuda."

"Ido in bai saba ganin abu mai kyau ba, tsoro yake ji."

"Nawa idon dai hawaye yake, wannan wari haka."

Talata ranar furanni ce. Faifan farko da kwali ya yanka shi, ruwa na taɓa shi ya zama dusa. Ya shiga ɗaki da reza, ya daɗe, ya fito da wani faifai mai ƙarfi mai sheƙi, an huda masa fure mai kunne takwas. Bayansa kawai na gani, ban kuma tambayi inda ya samo shi ba.

Sai ya waiwaya yana neman abin kwaɓa filasta, idonsa ya sauka kan injin kwaɓin Yaya. Injin nan shi ne hannun damanta, ko ni ba na kunna shi sai tana kusa.

Na tare gabansa. "Yallaɓai, ban da wannan."

"Kwaɓi ai kwaɓi ne. Fari ne, gari ne, ruwa ne. Injin ya san bambanci?"

Ya ture ni gefe, ya juye rabin buhu cikin kwanon injin, ya zuba ruwa, ya kunna. Daidai nan Rediyo ta dawo da wasu mata biyu 'yan kallo, shi kuwa ya jingina da taga ya buɗe musu makaranta. Ya yi musu bayanin tarihin filasta, ya gangaro kan yadda ya taɓa ba wani magini shawara aka ƙara wa bene hawa. Injin ya fara nishi. Ya ce kada su damu, sabo yake yi. Injin ya yi wani gurnani, ya yi ɗif, ɗan hayaƙi ya fito ta bayansa.

Na leƙa kwanon. Dutse. Mazarin kwaɓin na tsaye a tsakiya ƙiƙam, ko motsi. Dariyar da nake ta ƙunshewa tun jiya ta gudu.

"Jiƙa shi za a yi," in ji shi. "Ƙaramin aiki ne."

Daga can kan benci Baba Mai Fenti ya ɗaga murya. "Maƙwabci, filasta ba ta jiran surutu! Kaɗan-kaɗan ake kwaɓa ta. Mutanen da in suna so ta jinkirta musu, sukari suke ɗan tsunkulawa. Ɗan tsunkule fa na ce!"

"Na sani! Gwada ka nake in ga ko ka manta."

Ya juyo gare ni yana lissafi da yatsu. In ɗan tsunkule yana ba da minti goma, shi kuma yini guda yake buƙata, to ai magana ta fito fili. Ya buɗe robar sukarin Yaya ya kamfaci kwano uku ya zuba a bokiti.

Zan faɗi gaskiya ko don lahira: furen farko ya yi kyau. Da ya ɗage faifan, har Rediyo sai da ta yi shiru. To nan fa kansa ya fashe. Ya shiga manna furanni ba ji ba gani. Layin farko ya taso daga saman taga ya ƙare a gindin kanta, na nuna masa ya karkace, ya ce iska ce ke kaɗa su, haka furen gaskiya yake. Ya cika bango huɗu, ya ga saura a bokiti, ya hau tsani ya jera wasu a silin, daidai saman teburin da Yaya ke jera burodi.

Laraba furannin nan ba su bushe ba. In ka taɓa sai su biyo yatsa kamar cingam. Ya ce fenti ne zai riƙe su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwan gwal. Yana cikin yi na hango kiyashi sun ja layi daga tsagar taga, sun nufi fure na uku.

"Yallaɓai, ka yi baƙi."

Ya danne su da babban yatsa, shatin yatsan ya zauna a tsakiyar furen. "Ko ƙwaro ya san abu mai kyau," in ji shi. Ya rufe taga, ya rufe ƙofa wai kada ƙura ta shiga, ya murza makulli ya jefa a aljihu.

Da la'asar Yaya ta kira. Aikin inna ya yi kyau, amma likita ya ce sai gobe da safe za a sallame su, don haka da ƙyar za ta iso kafin ƙarfe tara. Ta ce, "Baba Mai Fenti ya gama?"

Na ce, "An gama fenti, Yaya."

Ban yi ƙarya ba, amma da na ajiye wayar sai na ture abincin da ke gabana gefe.

Alhamis tun da hantsi Ƙaramin-Aiki ya sha babbar riga, ya bi gida-gida yana gayyatar mutane bikin buɗe kicin. Ya ɗauko jan zaren da Yaya ke ɗaure kwalin kek ya gitta a ƙofa. Tsakar gida ta cika. Rediyo ta zo da kujerarta. Baba Mai Fenti ya tsaya can baya, hannu a baya.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna Yaya ta shigo da jakarta, ido duk ya faɗa saboda zaman asibiti. Ta ga taro ta tsaya cak.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Tsohon kicin ne ya rasu, Maman yara," in ji shi. "Jama'a, ku shaida. Mace tagari sai da miji mai basira. Abin da za ku gani yanzu, da hannun nan biyu aka yi shi, ba ɗan kwangila, ba ɗan koyo."

Ya yanke zare da almakashi, ya murza makulli, ya tura ƙofa.

Warin fenti ne ya fara fitowa ya gaishe mu, har na gaba suka ja da baya. Sai ido ya saba da duhun. Bangon motsi yake. Furannin da aka bari ruwan gwal sun koma baƙaƙe, kiyashi sun lulluɓe su, wasu na hawa wasu na sauka, wasu sun maƙale a ɗanyen fenti 'yan'uwansu na bi ta kansu.

"La'ilaha illallahu!" in ji Rediyo. "Furannin da rai!"

Yaya ta shiga, ta dubi bango, ta dubi silin, ta dubi kan kanta inda injinta ke zama.

"Auta, ina injina?"

Na janye buhun da muka rufe shi da shi. Ta kama mazarin ta ja, kwanon ya taso gaba ɗaya. Ta ajiye shi a hankali, ta zauna kan kujerar tsugunno, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Da ta zage ni ko ta mare ni, da ya fi min sauƙi. Minti guda ta yi a haka, sannan ta miƙe ta ɗaura ɗankwali tamau.

"Kunna obin. Da hannu za mu kwaɓa."

Muka share kiyashin da za su sharu, muka goge tebur, Yaya ta duƙufa kan kwaɓi. Ƙaramin-Aiki ya shigo da gwangwanin maganin ƙwari zai fesa, ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ya mayar da shi bayansa. Obin ya ɗau zafi. Kicin ɗin ya fara gumi.

Ƙarfe goma daidai Duba-gari ta iso da fayil a hannu. Mutane suka buɗa mata hanya kamar an zo ɗaukar gawa. Kafin Yaya ta wanke hannu, gogan naka ya riga ya tare ta a ƙofa.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe. Kin ce a gyara bango, to mu a gidan nan ba ma yin abu rabi. Kin taɓa ganin irin wannan?"

Ta gyara tabarau ta dubi bangon. "Ban taɓa ba."

"Na faɗa! Aikin hannu ne. Wannan ko girgizar ƙasa aka yi, gini zai faɗi ya bar furannin a tsaye."

Ɗaf! Fure ɗaya ya saki silin ya faɗo tsakiyar tiren burodin da Yaya ta jera.

Idon kowa ya koma kan tiren.

"Wannan na gwaji ne," in ji shi. "Da ma ban manna shi sosai ba."

Ɗaf! Na biyu ya sauka kan fayil ɗin Duba-gari, kiyashin da ke jikinsa suka watsu kan takardunta. Ta ɗaga kai don ta ga inda suke fitowa, na uku ya same ta a goshi, ya gangaro kan tabarau ya tsaya.

Wani ya ƙyalƙyale daga baya, aka yi masa tsawa. Rediyo ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Duba-gari ta cire tabarau, ta ɓamɓare furen, ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci. "Wannan sukari ne?"

"Ɗan tsunkule na ce!" in ji Baba Mai Fenti daga bayan taro.

Ƙaramin-Aiki ya buɗe baki zai yi bayani, sai muka ji wani sauti daga bayan obin, kamar ana yage leda. Zafi ya narkar da maiƙon da ke ƙarƙashi. Fentin ya kumbura, ya tsage daga sama, sai ga bango guda ya sulalo a hankali da furanninsa da kiyashinsa, ya naɗe a ƙasa kamar labulen da igiyarsa ta tsinke. Tsohon bangon Yaya mai kalar shayi ya fito yana kallon mu, ko ɗigon fenti babu a jikinsa.

Nan fa aka kasa daurewa. Dariya ta ɓarke har titi. Rediyo ta faɗo daga kujera tana cewa a taimaka mata da ruwa.

Duba-gari ba ta yi dariya ba. Ta goge tabarau da gefen mayafi ta mayar.

"Ina katin da na bar muku?"

"Yana ajiye, ranki ya daɗe," in ji shi da sauri. "Ni ma'aikacin fayil ne, shekara talatin. Takarda ba ta ɓata a hannuna."

Idonta ya riga ya sauka a wurin wanke-wanke. Ta sa yatsu biyu ta ɗauko faifan furen, ta kunna famfo ta ɗauraye shi, ta juya ɗaya gefen. Ga tambarin ofishinsu a sama. Ga rubutu layi-layi, fure mai kunne takwas ya cinye tsakiyarsa.

Ta ɗaga shi saitin taga ta karanta abin da reza ta bari. "Ƙa'ida ta ɗaya. Bangon kicin ya zama sumul, ba tudu ba rami, yadda za a iya goge shi. Ƙa'ida ta biyu. Fenti ya zama fari ko mai haske. Ta uku ba zan iya karantawa ba, ta faɗa cikin fure." Ta leƙo shi ta hudar. "Malam, ka karanta katin nan kuwa?"

"Na... na duba ingancinsa."

Ta cire murfin biro. Sai Yaya ta matso, hannunta duk fulawa, ta yi magana a hankali, amma har na bakin ƙofa sun ji.

"Ranki ya daɗe, shekara goma sha takwas ina gasa burodi a ɗakin nan, ba wanda ya taɓa cin nawa ya kwana da ciwon ciki. Kwana huɗu kacal na bar gidan, na kai mahaifiyata asibiti. In kika rubuta abin da kika gani yau, ba ki yi zalunci ba. Amma Litinin ce ranata, kuma ba ni da wata."

Duba-gari ta dubi Yaya, ta dubi kwanon inji da mazarinsa a tsaye, ta dubi mai babbar riga. Ta mayar da murfin biron.

"Gobe ƙarfe huɗu nake tashi daga aiki, sai kuma wani makon. Zan biyo ta nan kafin in tashi. In na tarar da farin bango sumul, zan sa hannu. In na tarar da fure ko ɗaya, ko a tukunya ne, ba ruwana."

Tana fita Baba Mai Fenti ya shigo, yana girgiza kai. Ya ce kankare fentin mai daga sauran bango uku aikin mako ne, ba na yini ba. Ya kai hannu ya kama gefen fentin da ke kusa da ƙofa ya ɗan ja don ya nuna mana. Fentin ya biyo shi. Ya ƙara ja, ya yi ta biyo shi har kwana, faffaɗa guda.

Ya tsaya yana kallon abin da ke hannunsa. "Allah ya rufa muku asiri da bai wanke bangon nan ba. Da ya wanke, da fentin ya kama."

Ƙaramin-Aiki ya yi tsalle. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Da gangan na ƙi wankewa! Mai hangen nesa ba ya aikin da ba zai warwaru ba."

Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Yaya ta ɗauko bokiti da soso da garin sabulu ta ajiye a gabansa, ta miƙa hannu ya cire babbar riga ya ba ta.

Yinin nan cur ya yi yana wankin bango, Baba Mai Fenti na bayansa yana nuna masa inda ya tsallake. Rediyo ta dawo da kujerarta bakin taga tana ba waɗanda ba su samu wuri ba rahoto. Ni kuma aka ba ni silin da kiyashi, na hau tsani, don na san hukuncina ne. Juma'a da sassafe Baba ya shafa farin fenti na ruwa mai saurin bushewa, hawa biyu. Ƙarfe huɗu saura kwata Duba-gari ta zo, ta shafa bango da yatsa, ta ɗaga kai ta daɗe tana duban silin, sannan ta sa hannu. Yaya ta karɓi takardar da hannu biyu. Sai da matar ta fita ta juya wa mutane baya ta share ido.

Ana cikin yi mata barka sai ga shi ya fito daga ɗaki da guduma da ƙusa mai tsawon yatsa.

"Kawo takardar in kafa miki ita a bango, Maman yara. Ƙaramin..."

"A'a!" Mu duka muka faɗa, har da Baba Mai Fenti.

Yaya ta karɓe guduma da ƙusa ta miƙo min. Ta sunkuya ta ɗauko kwanon injin nan da dutsensa da mazarinsa, ta ɗora masa a hannu. Nauyin ya sa ya ɗan durƙusa.

"Baban yara, ka ga wannan? Shi ke kwaɓa min. Makaranta burodi ɗari da ashirin take so kullum, kuma mai gyara ya ce injin ya tafi ke nan. Daga Litinin, kai ne injin."

"Ɗari da ashirin? Da hannu? Kullum?"

Ta gyara masa wuyan riga, ta yi murmushin da rabona da gani tun kafin ta tafi asibiti.

"Ƙaramin aiki ne."

Wata biyu ke nan yanzu. Kalmar nan ba ta ƙara fita daga bakinsa ba, Rediyo ma ta sauya masa suna, Inji take ce masa, kuma ya bi layi. Kwanon dutsen shi muke tokare ƙofar kicin da shi. Jiya na ji shi ta taga, hannu cikin kwaɓi har gwiwar hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana gaya wa Baba Mai Fenti cewa tun da ya karɓi kwaɓin nan yaran makarantar suka fara cin jarrabawa.

Yaya ta ce, "Inji ba ya magana."

Ya ci gaba da kwaɓi.